Ƙarar tseren motoci da lafiyar kunne: me lambobin suke nufi, kuma kare ɗan kallo a wuyan wa yake?

A farkon shekarar 2025, shugaban hukumar tseren motoci ta duniya FIA, Mohammed Ben Sulayem, ya jefo wata magana da ta tayar da ƙura a tsakanin masoya gasar Formula 1. Cewa ya yi a duba yiwuwar komawa ga tsofaffin injina masu silinda 10, waɗanda ake jiyo kukansu tun kafin a iso ƙofar filin tsere, amma a riƙa zuba musu man da ba ya gurɓata muhalli kamar fetur. An zauna da kamfanonin ƙera injina a Bahrain cikin watan Afrilun shekarar, aka tashi a kan a ci gaba da tsarin da aka riga aka shirya wa kakar 2026. Duk da haka maganar ba ta kwanta ba, domin 'yan kallo da yawa sun nuna cewa ƙarar ita suke kewa.

Tun daga nan lambobi suka yi ta yawo: wannan ya ce ƙarar tsohon inji tana kai desibel 145, wancan ya ce na yanzu 134 ne kawai, likitoci kuma suna gargaɗi tun daga 85. Mai karatu na iya ganin tazarar 145 da 134 ba ta taka kara ta karya ba, ko kuma ya ɗauka tunda an rage ƙara to an gama da matsalar. Duka biyun kuskure ne, kuma tushen kuskuren yana cikin ma'aunin kansa.

## Desibel ba ya ƙirguwa kamar kuɗi

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar mutum biyu a zaure tana wajen 60. Babban titi mai cunkoson motoci yana kaiwa 80 zuwa 85. Daga wajen 120 zuwa sama kunne ya fara jin zafi, jirgin sama mai tashi kuwa, ga wanda ke kusa da shi, yana iya haura 130.

Abin da ke rikita mutane shi ne ma'aunin ninkawa yake yi. Duk ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin da ke dukan kunne ya ninka biyu. Ƙarin 10 yana nufin ya ninka goma, ƙarin 20 ya ninka ɗari. To amma kunnen mutum ba ya ba da rahoton haka. Idan aka ƙara desibel 10, abin da mutum zai ce shi ne ƙarar ta yi kamar ninki biyu, alhali abin da ke isa cikin kunnensa ninki goma ne. Saboda haka desibel 11 da ke tsakanin 145 da 134 ya fi ninki goma sha biyu. An rage da yawa ƙwarai, kuma abin da ya rage har yanzu ya fi ƙarfin kunne nesa ba kusa ba.

Nisa ma yana da nasa lissafin. A fili fetal, duk lokacin da mutum ya ninka tazarar da ke tsakaninsa da abin da ke ƙara, yana samun ragin desibel 6. Injin da ke bayar da 130 a tazarar mita ɗaya zai zama 124 a mita biyu, 118 a mita huɗu, sai an kai mita 32 kafin ya sauko 100. Shi ya sa lambar da aka auna a kusa da mota ba ita ce ke isa kujerar ɗan kallo ba. Amma motocin ba ɗaya ba ce. Biyu masu ƙara iri ɗaya suna ƙara desibel 3, goma suna ƙara 10. A lokacin tashi, motoci 20 ko fiye suna taka totur a tare a gaban babbar rumfar 'yan kallo.

## Mudun kunne

Ƙarfin ƙara rabin labari ne, ɗaya rabin shi ne daɗewar da aka yi a cikinta. Za a fi gane wannan idan aka ɗauka kowane kunne yana da mudu ɗaya da yake iya ɗauka a yini. Ƙaramar ƙara tana cika shi a hankali, babba tana cika shi nan take, kuma duk abin da ya zube bayan cikar mudun ɓarna ce.

Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa mudun a desibel 85 na tsawon awa takwas. Tunda ƙarin 3 ninki biyu ne, a 88 awa huɗu ce, a 91 awa biyu, a 94 awa ɗaya, a 100 minti goma sha biyar. A 106 bai kai minti huɗu ba. A 115 kuwa bai kai rabin minti ba. Gasar Formula 1 takan ɗauki kimanin awa ɗaya da rabi, ban da gwaje-gwaje da ƙananan tsere da ake yi tun daga Juma'a. Gasar tseren motoci ta NASCAR a Amurka takan kai awa uku ko fiye.

Akwai wani abin da ke ƙara dagula lissafin. A Amurkar dai, hukumar da ke da ikon tilasta doka a wuraren aiki, OSHA, tana amfani da wani mudun daban: desibel 90 na awa takwas, kuma sai an ƙara 5 take raba lokacin biyu. A wurinta ma'aikaci na iya yin awa biyu a desibel 100, inda NIOSH ta ce minti goma sha biyar. Dukansu hukumomin gwamnati ɗaya ne. Bambancin ya samo asali ne daga aikin kowacce: ɗaya tana faɗin abin da bincike ya nuna, ɗaya tana aiki da dokar da aka rubuta tun farkon shekarun 1970, wadda aka yi la'akari da abin da masana'antu za su iya biya. Tarayyar Turai, a dokarta ta 2003, ta fi kusa da NIOSH: daga desibel 80 dole mai kamfani ya tanadi abin toshe kunne, daga 85 dole ma'aikaci ya sa, kuma abin da ke shiga kunne bayan an toshe kada ya wuce 87. Duk wanda ya ji an ce wani fili "ya cika ƙa'ida", tambayar da ta dace ita ce wace ƙa'idar.

## Abin da ke faruwa can ciki

Yawancin mutane dodon kunne suke tsoron ya fashe. Yana iya fashewa idan bam ya tashi ko aka yi wa mutum mummunan mari, kuma sau da yawa yakan warke da kansa. Ɓarnar da ƙarar inji ke yi ta fi wannan zurfi. Bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku akwai wani ɗan bututu mai naɗi kamar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta kimanin 16,000 masu ɗauke da siraran gashi a kansu. Sauti yana kaɗa ruwan, ruwan ya lanƙwasa gashin, su kuma su aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ta jijiya. Da su aka haifi mutum, kuma wadda ta mutu ba a samun madadinta.

Wanda ya fito daga filin tsere, ko daga gidan biki inda ya zauna kusa da lasifika, ya san yadda abin yake. Muryar abokinsa tana zuwa masa kamar daga cikin rijiya, kunnen yana masa shuu ko wani siririn fito, ya buɗe rediyon mota ya ga sai ya murɗa fiye da yadda ya saba. Kwana ɗaya ko biyu, komai ya dawo daidai, sai ya ce ai babu abin da ya same shi. An daɗe ana ɗaukar hakan a matsayin gajiya kawai. A 2009, wasu masu bincike biyu a Amurka, Sharon Kujawa da Charles Liberman, sun nuna a jikin ɓeraye cewa ko bayan ji ya dawo kamar da, wani kaso na mahaɗar da ke tsakanin ƙwayoyin gashin da jijiyar ji ya riga ya tsinke. Ana ci gaba da nazarin girman wannan a jikin mutane, amma ya isa ya nuna cewa dawowar ji ba shaida ba ce ta cewa an fita lafiya.

Ɓarnar takan fara ne a sashen da ke kama siraran sautuka. Shi ya sa mai wannan matsala ba ya cewa ya kurumce. Yana jin ana magana sarai, kalmomin ne ke cakuɗe masa. Sara, shara, tsara da fara sai su zo masa kusan iri ɗaya, domin abin da ya raba su ɗan siririn sauti ne a farkon kalma. A ɗaki shiru yana iya cike gurbin da hankalinsa, amma a kasuwa ko wurin ɗaurin aure sai ya riƙa cewa "na'am?" har mutane su fara gajiya da shi. Wasu kuma fiton nan ba ya barinsu har abada, ya fi damunsu da dare lokacin da gari ya yi tsit.

## Shekarar da Formula 1 ta rage murya

Daga 2006 zuwa 2013 motocin Formula 1 suna amfani da inji mai silinda 8, wanda a shekarunsa na ƙarshe yake juyawa har sau 18,000 a minti. Hakan na nufin wuta tana tashi a cikin silindodin sau 1,200 a kowace daƙiƙa, kuma hayaƙin yana fita kai tsaye ba salansa. Wannan ne ke ba da kukan nan mai kaifi kamar ana yaga ƙarfe.

A 2014 aka koma inji mai silinda 6, mai lita 1.6, haɗe da turbo da batir. Ba don kunnen kowa aka yi canjin ba. Kamfanonin motoci ne ke son fasahar da ke rage shan mai, irin wadda za su iya kaiwa motocin da suke sayarwa. Ragin ƙara ya biyo baya ne kawai. Turbo wata farfela ce da hayaƙi ke bi ta cikinta yana juya ta kafin ya fita, don haka ƙarfin da a da yake fita a matsayin amo sai ya koma aiki. Ga shi kuma saboda an ƙayyade yawan man da inji zai zuƙa, direbobi ba su cika wuce juyi 12,000 ba, wato tashin wuta kusan 600 a daƙiƙa. Kukan ya koma gurnani. A lokacin ne aka ba da lambobin nan na 145 da 134.

Tseren farko a Melbourne ta Ostiraliya ya bar baya da ƙura. Shugaban masu shirya gasar a can, Ron Walker, ya yi ƙorafin cewa ba abin da suka biya kuɗi a kai ba ke nan. Bernie Ecclestone, wanda ke juya harkar kasuwancin gasar a lokacin, ya goyi bayansa, shi ma zakaran duniya Sebastian Vettel ya kushe sautin da kakkausar kalma. A watan Mayu kamfanin Mercedes ya gwada wani bututun hayaƙi mai faɗin baki kamar kakaki a Barcelona ta Sifaniya, bai yi wani tasiri ba. A 2016 aka canza doka aka ƙara wa motocin wani bututu na daban, da niyyar ɗaga sautin. Wannan tarihin yana nuna inda tseren motoci ya bambanta da masana'anta. Mai masaƙa zai yi murna idan injinansa suka yi shiru. A filin tsere kuwa ƙarar tana cikin hajar da ake sayarwa.

## Abin da aka auna a filayen Amurka

Ɗaya daga cikin binciken da aka fi ambata shi ne wanda ma'aikatan NIOSH suka yi a filayen NASCAR uku, Bristol, Indianapolis da Kentucky, aka buga a 2010. Sun maƙala wa direba da makanikai da 'yan kallo na'urar auna sauti. Matsakaicin abin da ɗan kallo ya sha a rumfa lokacin gwaji ya kai desibel 96, na direba a cikin mota ya kai 114, kuma a lokacin tsere an samu bugun da ya haura 140. Direba yana cika mudunsa na yini kafin minti ɗaya, makanikai cikin 'yan mintuna, ɗan kallo kafin awa ɗaya.

Bristol ta fi sauran tsanani, kuma dalilin a fili yake. Da'irar ba ta wuce kimanin rabin mil ba, kujeru sun kewaye ta sun yi sama kamar ƙwarya, ga motoci kusan 40 suna zagayawa. Babu daƙiƙar da kunne zai huta, kuma amon da ya bugi bango sai ya dawo. Idan aka kwatanta da tseren Paris zuwa Dakar da ya riƙa ratsa Agadas da hamadar Tenere a shekarun 1980, za a ga bambancin. A can mota ɗaya ce za ta wuce da gudu, ƙura ta lafa, a jira ta gaba. Injin na iya yin ƙara sosai, amma mudun ɗan kallo ba ya cika da sauri haka.

Can ƙarshen ma'auni akwai motocin gajeren tsere na Amurka masu ƙona wani sinadari da ake kira nitromethane, waɗanda ke cinye kimanin mita 300 cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, ƙararsu tana kaiwa wajen desibel 150. A irin wannan matsayi ba a maganar mintuna, bugu ɗaya na iya yin lahani. A ɗaya ƙarshen kuma akwai Formula E ta motocin lantarki, wadda aka fara a birnin Beijing a 2014, ta kuma je Marrakesh da Cape Town. Motocinta suna wajen desibel 80, shi ya sa ake iya yin ta a tsakiyar gari.

## Doka ta san ma'aikaci, ta san maƙwabci

Dokokin ƙara a tseren motoci sun fito ne ta ƙofa uku. Ta farko dokar gasa ce, wadda ke auna abin da ke fita daga bututun hayaƙi. A gasar babura ta MotoGP iyakar ita ce desibel 130, lambar da ke nuna cewa ba lafiyar kunnen mai kallo aka auna da ita ba. Ta biyu dokar ƙwadago ce, mai kare makanike da injiniya da sauran masu ɗaukar albashi. Su da direbobi a manyan gasa suna sa abin kunne da aka ƙera daidai ramin kunnensu, haɗe da rediyon da suke magana da juna.

Ta uku ita ce ta fi cizo, wato ƙorafin maƙwabta. A Ingila, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2009 cewa filin tsere na Croft ba zai wuce kwana 40 a shekara yana harkoki masu tsananin amo ba, bayan mazauna kusa sun kai shi gaban shari'a. A 2014 Kotun Ƙolin Birtaniya ta duba rikicin wani filin tseren babura a Mildenhall, ta ce kasancewar filin ya riga mai gida zuwa unguwar bai isa ya zama kariya ba, haka ma takardar izinin gini ita kaɗai. A Amurka, da NASCAR ta yi tsere a cikin gari a 2023, a Los Angeles da titunan Chicago, sai da ta sa wa motocinta salansa. Wannan ya nuna fasahar rage ƙarar tana nan, ana ɗauko ta ne idan akwai wanda zai iya hana a yi tseren.

Ɗan kallo ya faɗa tsakani. Shi ba ma'aikaci ba, shi ba maƙwabci ba, da ƙafarsa ya zo kuma da kuɗinsa ya shiga. Abin da yakan samu shi ne gargaɗi a jikin tikiti ko allon ƙofa, da wurin sayen abin toshe kunne. Masu ɗaga tuta da kwashe tarkace a gefen hanya, waɗanda yawancinsu 'yan sa kai ne, sun fi kowa kusa da motocin kuma suna yini a wurin. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da mizani ga wuraren taruwar jama'a: kada matsakaicin sauti ya wuce desibel 100 a cikin kowane minti goma sha biyar, a riƙa aunawa, a tanadi abin toshe kunne, a keɓe wurin da mutum zai je kunnensa ya huta. Sai dai an tsara shi ne don wuraren kiɗa da lasifika, kuma shawara ce, ba ta zama dole sai ƙasa ta mayar da ita doka.

## Hujjar kowane ɓangare

Masu son a dawo da ƙara suna cewa ita ce ke bambanta zuwa fili da kallo a talabijin. Sautin da ke girgiza ƙirji yana sa mutum ya san irin ƙarfin da direba ke riƙe da shi, kuma baligi yana da 'yancin zaɓar abin da zai yi da jikinsa matuƙar an gaya masa gaskiya. Suna ƙara da cewa abin toshe kunne ba shi da tsada. Wannan hujja tana da ƙarfi a kan baligin da ya san lissafin mudu. Tana rauni a kan yaron da aka ɗauko a kafaɗa, da kuma wanda bai taɓa jin cewa awa ɗaya ta isa ba.

Likitocin kunne da masu kula da lafiyar ma'aikata suna bin wata tsohuwar ƙa'ida: a fara rage haɗari daga tushensa, abin kariya na jiki shi ne matakin ƙarshe, domin shi ne ya fi dogara ga ɗan Adam ya yi daidai kowane lokaci. Masu filaye kuma suna tsakiya. Shiru na iya rage musu 'yan kallo, ƙara na iya jawo musu kotu. Fargabar da aka yi a 2014 cewa jama'a za su guji Formula 1 ba ta tabbata ba a tsawon lokaci, domin gasar ta ƙara bunƙasa da waɗannan injinan, har ta buɗe sababbin filaye irin na Jidda a 2021. Amma abubuwa da yawa ne suka kawo bunƙasar, ba za a jingina ta ga ragin ƙara ba.

## Lambar da ke jikin kwali da abin da ke isa kunne

Tunda nauyin ya koma kan mai kallo, ya kamata a san abin da matoshin kunne ke iya yi. Iri biyu ne suka fi yawa: ɗan soso da ake cusawa a rami, da marufi mai kama da kofi biyu da ke rufe kunnen gaba ɗaya. Kowanne yana da lamba a kwalinsa, mafi girma a na soso a tsarin Amurka ita ce 33. An samo lambar ne a ɗakin gwaji inda aka sa shi yadda ya kamata. A hannun jama'a ragin ba ya kaiwa haka, shi ya sa OSHA ke da wani lissafi na cire 7 sannan a raba biyu. Soso mai lamba 33 ya koma 13 ke nan. Wanda ke zaune a wurin da ake da desibel 105 zai sha 92, wato kimanin awa ɗaya da rabi kafin mudunsa ya cika.

Yadda aka sa shi ne ke raba 13 da abin da ya fi haka. Ana murza soson da yatsu masu tsabta har ya zama siriri kamar tsinke, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, a tura shi ciki, a riƙe da yatsa na kusan rabin minti har ya kumbura. Idan wanda ke gabanka yana hango rabin soson a waje, bai shiga ba. Idan ya zauna daidai, mutum zai ji muryarsa ta yi masa nauyi a cikin kai. Shi kuma marufi, duk abin da ya shiga tsakaninsa da fata, ƙafar tabarau ce, bakin hula ko ɗankwali mai kauri, ya buɗe wa ƙara ƙofa. Inda sauti ya wuce 100, shawarar NIOSH ita ce a haɗa biyun. Haɗin ba ya tara lambobin biyu, kimanin desibel 5 yake ƙarawa a kan wanda ya fi ƙarfi, domin wani sautin ta ƙashin kai yake bi.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne cirewa na ɗan lokaci, don a amsa waya ko a ji ainihin kukan motar. Wanda abin kunnensa ke rage 30, idan ya cire shi na minti biyar kacal a cikin awa ɗaya, ragin da ya samu a awar gaba ɗaya bai kai 11 ba. Auduga ko takardar goge hannu da ake cusawa kusan ba sa rage komai. Na'urar jin waƙa mai kashe hayaniya ta fi aiki a kan gurnani mai ɗorewa irin na cikin jirgi, kuma yawancinsu ba a gwada su a matsayin kariya ba. Ga ƙananan yara marufi daidai kansu ya fi, domin soso ba ya zama a ƙaramin rami kuma yaro na iya haɗiye shi. Zaɓen kujera ma kariya ce: nesa da wurin tashi, nesa da rumfa mai rufin ƙarfe da ke dawo da amo.

## Inda maganar ta shafe mu

Rabon Afirka da gasar Formula 1 tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu, kodayake Ruwanda ta bayyana neman karɓar baƙunci a ƙarshen 2024. Amma kunne bai san sunan gasa ba. Wasan mota da na babur da matasa ke yi a bukukuwa da wasu filaye a garuruwanmu, inda ake cire salansa ko a fasa ta don a ji kuka, yana faruwa ne a tazarar 'yan taku daga masu kallo, ba shinge ba rumfa, kuma yara ne a sahun gaba. Lissafin nisa da aka yi a sama yana aiki a nan ta mummunar fuska: wanda ya matso daga mita takwas zuwa mita biyu ya ƙara wa kansa desibel 12, kusan ninki goma sha shida. Makaniken da ke murza totur yana sunkuye a kan injin ya fi kowa sha, kamar yadda mai injin niƙa da mai walda da mai zama kusa da babban janareta suke cika mudunsu kullum ba tare da sun je kallon komai ba.

Najeriya tana da dokar ƙayyade amo tun 2009 a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA, wadda ta sa iyaka gwargwadon wuri da lokaci. Ga mai son ya gane halin da yake ciki ba tare da na'ura ba, akwai gwaji mai sauƙi da masu kula da lafiyar ma'aikata ke amfani da shi: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tazarar hannu ɗaya da kai ya ji ka, to sautin wurin ya kai wajen 85. Wanda kunnensa ya ci gaba da fito ko toshewa bayan kwana biyu, ko jinsa ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ya nemi sashen kunne, hanci da maƙogwaro ba tare da jinkiri ba, domin ɗaukewar ji ta farat ɗaya tana cikin abubuwan da magani ya fi yi wa aiki a kwanakin farko. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Gwajin ji ba ya ɗaukar lokaci: a sa wa mutum abin saurare a ɗaki shiru, ya danna maɓalli duk lokacin da ya ji ɗan sauti, takardar ta fito ta nuna ko sashen siraran sautukan ya fara zaizayewa.